Hoton da Aka Gyara wa Inna

Ranar da Inna ta ɓata, Mai Hoto yana shagonsa yana goge wa wani mai neman aiki ƙurajen goshi. Yayarsa ce ta kira shi a waya. Ta ce wanka kawai ta shiga, ta fito ta tarar da ƙofar gida a buɗe, Inna kuwa ko sama ko ƙasa.

Shekara uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da mahaifiyar tasu. Ta tashi, ta koma takawa, amma bakinta ya karkace hagu, fatar ido ɗaya ta sauko. Mantuwa kuma ta yi ta cin ta sannu a hankali, har ta kai ko sunanta sai an tuna mata. Shi kaɗai ba ta manta ba, shi ma da Auta take kiransa, duk da furfurar da ta fara keto masa a gemu.

Suka karaɗe unguwa, babu wanda ya gan ta. Washegari ya nufi ofishin cigiya na gwamnati. Ya zaci zai tarar da tarin fayil da dogon layi, sai ya ga tebura uku da kwamfutoci. Wata jami'a mai tabarau ta yi masa bayanin sabon tsari: duk asibiti ko caji ofis da ya karɓi mutumin da ba a san shi ba zai ɗauki hotonsa ya tura. Na'urar ta koyi gane fuska daga dubban dubatar hotuna, kafin ƙiftawar ido take haɗa na cigiya da na wanda aka tsinta. Ba a buƙatar dogon bayani, hoto na kwanan nan ya isa.

Hoto kuwa ai gidansa aka zo. Ya tura mata wanda ya ɗauki Inna wata biyu da suka wuce, ko tunani na biyu bai yi ba.

A shagonsa hoto ba ya fita sai an gyara shi, haka ya koya wurin maigidansa tun zamanin fim da ruwan wanki. Bara waccan ya sayi wata manhaja mai koyon hannun mai ita. Da ya gyara fuska ɗari biyu tana kallo, sai ta karɓe aikin: hoto na shigowa daga kyamara za ta miƙe abin da ya karkace, ta cike abin da ya rame, ta goge na asalin don kada ya cinye wuri. Ciniki ya buɗe. Wani direba har cewa ya yi an mayar da shi saurayi, yanzu matarsa hoton take gaisarwa da safe, shi kuma ta harare shi.

Inna ma haka. Hoton farko da ta gani bayan ciwon, kawar da kai ta yi, ta ce a ɗauke mata wannan matar daga gabanta. Da ya kawo gyararre sai ta rungume shi a ƙirji ta ce yauwa, yanzu Auta ya ɗauke ta.

Hoton da ya tura wa jami'ar, wanda shi ma gyararre ne, shi ya buga guda ɗari uku, ya manna a sandunan lantarki da tashoshin mota.

Kwana huɗu shiru, ya fara bin asibitoci da ƙafarsa. A wani babba da ke hayin gada, ma'aikacin karɓar baƙi ya nuna hoton ga na'ura, ya jira, ya girgiza kai. Mai Hoto ya roƙi a bar shi ya leƙa ɗakin mata ko na minti biyar ne. Mutumin ya ce doka ta hana, kuma in da tana nan da na'ura ta faɗa. Akwai layi a bayansa, sai ya yi godiya ya fito.

Rana ta goma sha tara yana sake manna hoton da ruwa ya ɗaye, sai tsohuwar mai kanti, wadda Inna kan zauna wurinta kullum da hantsi, ta matso tana gyara tabarau.

"Auta, na daɗe ina so in tambaye ka, nauyinka nake ji. Wannan ƙanwar Inna ce?"

"Inna ce mana, Gwaggo."

"To ni dai da na haɗu da wannan a hanya, wucewa zan yi. Ina bakin nata?"

Kwalbar gam ta suɓuce daga hannunsa. Ya ruga shago ya birkice kwamfuta. Hotunan Inna sittin da wani abu, duk bakinta a miƙe, duk tana murmushin da ta rabu da shi shekara uku. Na wayar Yaya ma shi ya tura mata su.

Kafin azahar yana gaban jami'ar, yana haki, yana faɗa mata abin da ya yi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce na'urar ba ta nuna kowa sai kamannin sun kai tamanin cikin ɗari, sauran ture su take gefe, kuma babu mai duba su. Ta jawo masa kujera, ta buɗe waɗanda aka ture, ta zaɓi mata masu shekara saba'in zuwa sama.

Fuskoki suka yi ta wucewa. Wata da bandeji, wata tana barci, wata ta zuba wa kyamara ido.

"Tsaya, ranki ya daɗe. Koma baya."

Ga ta. Ɗankwalinta ya zame, bakin ya karkace, idon hagu a rufe rabi. A gefe na'urar ta rubuta arba'in da ɗaya cikin ɗari. An shigar da ita ranar da ta ɓata, a asibitin hayin gada, ɗakin mata, gado na tara.

Ya miƙe zai fita a guje. Jami'ar ta ce, "Malam, zauna tukuna." Tana karanta layin da ke ƙasan hoton, kuma ta ƙi ɗago kai.

Zazzaɓi ne ya kama Inna ranar Lahadi. Ta rasu shekaranjiya, asibitin ya yi mata sutura jiya da safe. Wata nas ta bar 'yar rubutu a ƙarshe: ba ta faɗin sunanta, ba ta da rigima, tana yawan tambaya ko Auta ya ci abinci.

Ya koma ya zauna. Jami'ar ta tura masa ruwa a kofi, bai gan shi ba. Ta rubuta masa lambar kabarin a 'yar takarda, ta ce gobe ya zo da katin shaidarsa a rufe cigiyar.

A matattakalar ofishin wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ya ake ciki? An gan ta?"

"An gan ta, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Tana ina? Kar ka tafi ka bar ni, bari in ɗauko mata zani da maganinta, na san ba su ba ta na hawan jinin ba. In haɗo da silifas ɗinta?"

Ya dubi 'yar takardar da ke hannunsa. Ta cikin wayar yana jin ta tana jan durowa, tana zuba kwalaben magani a leda.