Layin Teloli Marar Ƙarshe

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu ban yarda da shi ba.

Na tsinci kaina a layin teloli, na zo karɓar kayan sallar 'yata Baraka. Atamfar marigayiya uwarta ce na kai wa Isiyaku tela ya rage mata, tun kafin azumi yake ja mini rai. Sai dai layin ya miƙe har ya shige cikin taurari, kuma kowace rumfa Isiyaku ne a ciki.

Wani talotalo da tef ɗin awo rataye a wuya ya tare ni.

"Alhaji, layin nan ba shi da ƙarshe," in ji shi. "Saboda haka duk abin da zai iya faruwa, yana faruwa a wata rumfa."

Ni ban taɓa zuwa Makka ba, kuma duk wanda ya fara da kirana Alhaji sai na dafe aljihu.

"To akwai rumfar da Isiyaku ya gama ɗinkin?"

"Dole."

"Ka gan ta da idonka?"

Ya hura wuya, ya ce lissafi ya nuna.

Na kama tafiya. Wani Isiyakun yana ɗinka wa turmi babbar riga. Wani yana taka keke, hanya na fitowa ta ƙarƙashin allura. Wani kuma kifi ne, amma hular Isiyaku ce a kansa. Kowanne na tambaya, ko ɗago kai ba ya yi.

"Wallahi saura hannu. Ka dawo gobe."

Na yi ta wuce rumfuna har takalmina ya gaji ya koma gida ya bar ni. Na fara zargin rashin iyakar nan ba komai ba ne illa wuri mai faɗi da aka samar wa ƙarya ɗaya.

Kwatsam sai ga Lantana, matata, zaune kan benci a wata rumfa tana tsintar wake, ɗaure da atamfar, ko almakashi bai taɓa ta ba. Na tsaya neman inda aka yi ha'inci. Na duba tabon ƙunar hannunta, yana nan. Na duba wushiryarta, tana nan. Ban sami komai ba, sai kewarta ta danne ni.

"Baban Baraka, ka rame," ta ce. "Yarinyar tana cin abinci?"

"Tana ci. Tashi mu je gida, ta gan ki."

Ta juya ta dubi layin, gaba da baya.

"Wataƙila akwai rumfar da nake bin ka gida. Ni dai ban ji labarinta ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ka dawo gobe."

Na buɗe baki zan ce gobe salla, sai wani ƙaf-ƙaf ya cika layin.

Na farka. Baraka ce a tsakar gida, tana buga gindin tsintsiya a tafin hannu kafin ta fara shara, yadda uwarta take yi.