Sabon Famfon Mai a Motar Yaya

Auta yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, yana fama da wani noti da ya ƙi kwancewa, sai ya ji gurnanin injin da ko a barci zai gane shi. Jar motar yayansa ce. Ya jawo jiki ya fito yana goge hannu, yana haɗa baƙar maganar da ya daɗe yana tanadi. Da ƙofar ta buɗe, sai ga Anti, matar yayan, ta fito ita kaɗai.

Auta ya haura hamsin, gemunsa duk furfura, garejin ma nasa ne, amma a gidansu har gobe Auta yake. Yayansa likitan haƙori ne da ya ajiye aiki bara, ya juyar da hankalinsa kaf kan motar nan. Shekara goma sha biyar Auta na kula da ita. Da Yaya ya ce yana so a ɗaura mata turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, Auta ya ce ya dakata sai an haɗa komai. Yaya bai dakata ba. Ya sulale ya kai ta wani gareji, Auta kuwa a bakin mai facin taya ya ji labari.

Anti ta zauna a kan benci ta zayyana masa komai. A cikin gari motar lafiya lau take, amma da an hau babban titi an danna totur sai ta kama shaƙuwa, tana fizga. Mako uku ke nan Likita ya ajiye ta, kullum da safe ya wanke ta ya rufe, kunya ta hana shi zuwa. Da ta ce ita za ta kawo, sai ya ɓoye fuska a jarida ya ce makulli na kan tebur.

"Ka gyara masa, Auta, ko don ni," in ji ta. "Mutumin nan ya rasa abin yi. Jiya tukwanena ya jera mini daga babba zuwa ƙarama, duk baƙon da ya shigo kuma sai ya ce ya buɗe baki."

Dariya ta ƙwace wa Auta, fushin ya bi ta. Ya ɗaga bonet, ya ciro fulogi ɗaya, ya ga kansa fari fat kamar alli. Ya jona agogon awo a bututun mai ya ce mata ta taka totur. Tana takawa allurar ta yi ƙasa. Ya yi mata bayani cewa an ƙara wa injin iska an bar shi da tsohon famfon mai, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, shi ya sa yake zafi. Da Yaya ya ci gaba da matsa masa, da fistin ya narke. Wannan kunyar, ya ce, ita ta ceci injin.

Kwana uku aka yi kafin kaya su iso. Ranar aiki Anti ta dawo da sassafe, ta ce gara warin fetur da zaman gida. Auta ya cire kujerar baya, ya buɗe murfin tanki, ya zaro tsohon famfon ya sa babba. Ya canja tiyo da mai faɗi, ya sa sabuwar filta da na'urar daidaita ƙarfin mai. Da aka zo kan injekta huɗu, masu fesa mai cikin inji, sai wani ɗan ƙarfen da ke riƙe injekta ya maƙale a lungun da hannunsa ba ya shiga. Anti tela ce, shekara talatin tana zura zare a allura. Ta naɗe hannun riga ta zura yatsu biyu, sai ji ya yi ƙas. Sauran ukun ma ita ta ɗaura, tana yi masa tsiya wai hannu kamar faranti.

Da rana tsaka tasi ta tsaya a ƙofa, Yaya ya fito. Ya ce wucewa yake, ya tuna Auta ya taɓa kukan haƙori. Auta ya miƙa masa kwamfutar da ya jona da ta motar, ya ce ya riƙa karanto masa lambobi yayin da yake daidaita yawan man da sababbin injektocin za su fesa. Suka yi kusan awa guda a haka, lamba kawai ke shiga tsakaninsu. Can Yaya ya yi gyaran murya ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko aikin mutanen can ya ɓaci.

"Turbon dai sun ɗaura shi da kyau," in ji Auta, kamar ana zaro masa maganar da filaya.

"Da na saurare ka."

"Da ka saurare ni, Yaya. Karanto ta gaba."

Da la'asar suka nufi filin gwajin motoci da ke bayan gari. Dole Auta ya zauna da kwamfuta a cinya, don haka sai wani ya tuƙa. Yaya ya kama sitiyari ya saki, ya ce in ta sake shaƙuwa zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kafin su gama shawara Anti ta zagayo ta ce ya matsa.

Ta sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Auta ya ce ta taka har ƙasa. Motar ta mannar da su jikin kujera, injin ya ja murya ɗaya santal ba gargada, lambar ƙarfin mai ta tsaya cak inda yake so. Daga kujerar baya Yaya yana ta kiran a yi a hankali, yana kuma dariya kamar yaro. Da suka tsaya shi ma ya karɓa, ya zaga filin sau biyar, sai da aka roƙe shi ya haƙura.

Suna hanyar komawa, saura kaɗan su kai gidan man da ke kan kwana, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Yaya ya juyo a hankali, fuskarsa ta sauya. Auta ya fara lissafa duk abin da ya ɗaure da safe. Anti ce ta leƙo ta nuna musu agogon fetur, allura kwance a ƙasa. Sai a lokacin Auta ya tuna: ya zuƙe tankin cikin jarka uku kafin ya fara aiki, guda ɗaya kawai ya mayar.

Anti ta koma kan sitiyari ta sauke gilashi. 'Yan'uwan biyu suka tattare riguna suka dafa bayan motar, suna turawa suna haki, suna gardamar wanda ya fi sa ƙarfi, ita kuwa tana kallonsu ta madubi tana cewa su ƙara himma, akwai ɗan hawa a gaba.