Wa Zai Fara Rera Waƙar Fanka

Mai Aski yana tsakiyar gyara wa wani mutum gemu aka miƙo masa takardar jerin mawaƙa. Saura ƙiris ya yanke wa bawan Allah kunne.

Bikin kiɗan bazara ne da ake yi a filin ƙwallon unguwa, ranar Asabar, ƙungiyoyi bakwai. An sa ƙungiyarsa, Taurarin Layin Baya, ƙarfe shida na yamma, lokacin da rana ta yi sanyi, fili ya cika maƙil. Lokacin da kowane mawaƙi ke mafarki ke nan. Abin da ya ɓata masa rai shi ne sunan da ke saman nasa: ƙarfe biyar da rabi, Ainihin Taurarin Layin Baya. Ƙungiyar Tela ce, mijin ƙanwarsa.

Shekara takwas suna kiɗa tare, Mai Aski na waƙa, Tela na kaɗa jita, har suka haɗa waƙa ɗaya tak da su kansu suka san ta yi: "Ki Dawo Mini da Fankata", kukan wani saurayi da budurwarsa ta guje shi ana tsananin zafi, ta kuma tafi da fankarsa. Mai Aski ya ce shi ya tsara baitoci, don haka tasa ce. Tela ya ce baitocin surutu ne kawai in ba don karin da ya ɗora musu ba. Sati uku da suka wuce suka ɓaɓe, aka raba wayoyi da lasifika kamar ana rabon gado. Ba a taɓa rera waƙar a gaban jama'a ba, kuma ko wawa ya san wanda gari ya fara jin ta a bakinsa shi ne mai ita. Na biyu ɗan kwaikwayo ne har abada.

"Maigida, ka ƙarasa mini ɗaya gefen mana," in ji mai gemun.

"Haka ake yayi yanzu." Ya zare masa ƙyalle, ya kulle shago.

Sakatariyar bikin tana zaune a wani ɗan ɗaki bayan kantin magani, kujerun roba sun kewaye ta har rufi.

"Anti, a mayar da ni ƙarfe biyar."

"Ba kai ka yi wata guda kana mini zarya a kan ƙarfe shida ba?"

"Likita ya ce iskar yamma tana taɓa mini maƙogwaro."

Ta kalle shi ta saman tabarau, ta goge, ta rubuta.

Washegari labari ya iso shago cewa Tela ya koma huɗu da rabi, wai hasken yamma na kashe masa ido. Mai Aski ya koma huɗu. Tela ya koma uku. Kafin Alhamis takardar Anti ta huje saboda gugar roba, sauran ƙungiyoyin kuwa sai murna suke, kowa ana tura shi baya zuwa lokaci mai kyau ba tare da ya roƙa ba.

Da Tela ya kai ɗaya da rabi, wuri ɗaya ya rage: ƙarfe ɗaya na rana, buɗe taro. Wannan na 'Yan Fansho ne, tsofaffin malaman makaranta biyar masu begila da sarewa, waɗanda kowace shekara ake ba su lokacin da babu kowa sai kujeru. Shugabansu Hedimasta ne, wanda ya zane Mai Aski da Tela a aji huɗu, sau da yawa a rana ɗaya.

Mai Aski ya same shi a ƙofar gida, ya durƙusa.

"Malam, tausayinku nake ji. Da girmanku a ce kuna busa a tsakar rana?"

"Shekara tara muna busawa, yau ka fara tausayin?"

"Ku ɗauki ƙarfe shida, Malam, zan sa Anti ta gyara muku. Ni yaro ne, zan jure."

Hedimasta ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi. "Allah ya yi maka albarka," ya ce.

Ranar Asabar Mai Aski ya isa fili sha biyu saura, sanye da riga mai ƙyalli da ta riga ta manne masa a baya. Shi ne na ɗaya, Tela na biyu. Ya ci nasara. Yana cikin wannan farin ciki ya ji sautin jita daga lasifika, kuma ya san waɗannan yatsun ko a mafarki.

Tela ne a kan dandamali. A bayansa Baba Ganga na zaune, wanda shi kaɗai ne makaɗin ganga na kirki a unguwar, yana yi wa ƙungiyoyi biyar cikin bakwai kiɗa, hula kawai yake canzawa.

"Kai, munafuki! Me kake yi a nan?"

"Gwajin lasifika, Yaya," in ji Tela, yana murmushi. "Ko shi ma naka ne?"

Ya saki gabatarwar waƙar, ya matso bakin makirfo, ya ja numfashi. Mai Aski bai san lokacin da ya tsallake kujeru uku ba. Ya fizge makirfon ya shiga baitin farko da ƙarfin tsiya. Tela ya ƙi daina kaɗawa, don in ya daina ya sallama ke nan. Mai Aski ya ƙi yin shiru. Baba Ganga, wanda ba ruwansa da rigimar kowa, ya bi su da ganga. Haka suka yi ta tun daga farko har ƙarshe, suna bangazar juna da kafaɗa, kuma tun da suka haɗa waƙar ba su taɓa yin ta da daɗi haka ba.

Da suka gama, Mai Aski ya ɗaga kai ya karɓi tafi. Kujeru ɗari huɗu na kallonsa, babu kowa a kai. Mai sayar da ƙanƙara na barci. A ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo da ke filin, tsofaffi biyar na zaune da jakunkunan begila, sun zo tun safe don sun saba. Hedimasta na rubutu a ɗan littafi.

"Wannan gwaji ne, ba ya cikin lissafi!" in ji Mai Aski. Ƙarfe ɗaya ya sake rerawa shi kaɗai. Ɗaya da rabi Tela ya rera tasa. Tsofaffin suka saurari duka biyun cikin natsuwa, ɗaya daga cikinsu har yana motsa yatsu a kan sarewa.

Ƙarfe shida fili ya cika, har kan katanga mutane ne. Mai Aski na tsaye gefe, murya ta dushe, rana ta gasa shi. 'Yan Fansho suka hau a hankali, ana riƙe wa ɗaya hannu. Baba Ganga ya canza hula. Hedimasta ya buga makirfo da yatsa.

"Jama'a, ɗazu na ga yarana biyu suna kokawa a kan wani abu. Wannan ya ce wancan ɓarawo ne, wancan ya ce wannan ne. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma doka ɗaya ce: in yara biyu na faɗa a kan abu, malami ya karɓe ya ajiye. To, na karɓe."

Begila ta tashi. Kafin a kai amshi na biyu, filin gaba ɗaya na ihun a dawo da fanka. Mata na fifita da mayafi, samari na ɗaga kujeru sama, wayoyi ɗari na ɗauka. Aka sa tsofaffin suka maimaita har sau uku.

Mai Aski ya ratsa taro yana cewa tasa ce, amma muryar da ta rage masa ba ta wuce ta ɗan tsako ba. Ya yi karo da Tela, wanda shi ma ke faɗa wa wani mutum haka, mutumin na cewa ya matsa yana tare masa. Suna cikin hararar juna sai ga ƙanwar Mai Aski, matar Tela, wadda ta san kowane baiti tun ana haɗa shi a tsakar gidanta. Takalma a hannu, rawa take haiƙan.

"Ke ma?" Mai Aski ya ce da kyar. "Ke ce shaida! Je ki faɗa musu ta wace ce!"

"In ce ta wa, Yaya? Taka ko tasa?"

Suka amsa tare, kowa ya ambaci kansa.

"To kun gani," ta ce, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu. "Kuma ku yi haƙuri, wallahi a bakin Malam ta fi daɗi."