Awa Ɗaya da Minti Ashirin

Da ƙarfe bakwai na safe direban tirela ya fasa wa matarsa baki, wai don ta ɗinka wa maƙwabciya riga kafin ta goge tasa. Da ta kare fuskarta, sai ya sunkuci dutsen guga ya maka mata a hannu. Ta ji ƙashin ya ce ƙas.

Ta ja jiki bayan keken ɗinki, ta lalubo waya da hannun hagu, ta kira yayanta mai walda, wanda ake ce wa Guduma.

"Yaya, ya karya ni."

Iyakar abin da ta samu ta faɗa ke nan, mijin ya fizge wayar ya take ta.

"Guduma kika kira?" Ya tuntsire da dariya. "Kilomita ɗari tara ne tsakaninmu da garinsu. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina, awa goma sha huɗu ce in taya ba ta fashe ba. Kafin ya iso na yi lodi na kama gabana, ke kuwa ki ce santsi ne ya kwashe ki."

Ya kulle ƙofa, ya zura makullin a aljihu, ya miƙe a kan doguwar kujera. Ta ɗaure hannun da tsumman yadi, tana ja da haƙori. Ita ma ta yi lissafin, ta ga gaskiyarsa, sai hawaye.

Rana ta take tsaka aka doki ƙofa. A duka na uku ƙyauren ya faɗo ciki. Guduma ne tsaye da kayan aikinsa, ko hannu bai wanke ba.

Direba ya zabura. "Kai! Ta ina?"

"Ta sama. Awa ɗaya da minti ashirin."

Direba ya wawuri almakashi ya luma masa a kafaɗa. Guduma bai ko dubi wurin ba. Ya damƙi wuyansa ya gwara fuskarsa da kan keken, sau ɗaya, sau biyu, haƙora suka zubo cikin zare. Ya kayar da shi, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya ɗaga dutsen gugan saitin goshinsa.

Ta ga idon yayanta, ta san kisa zai yi.

"Yaya, don girman Allah! In aka ɗaure ka, wa nake da shi?"

Hannun ya tsaya. Sannan ya sauke ƙarfen a kan yatsun direba na dama. Ihun da ya kurma ne ya tara maƙwabta.

A asibiti aka ɗaure mata hannu, Guduma kuma aka yi masa ɗinki tara a kafaɗa, ɗan sanda na tsaye yana jiran ya tafi da shi. Ta matso kusa da gadon.

"Yaya, kai da ko tsani ba ka hawa?"

"Ke dai bari, ƙanwata," ya ce. "Tunda jirgin ya tashi ban buɗe ido ba. Tsohuwar da ke gefena ce ta riƙe min hannu har muka sauka."