Sandar Baba a Bangon Coci

A bangon cocinsu, gefen bagade, akwai jerin ƙusoshi inda ake rataye abin da waɗanda suka warke suka bari: sanduna, tabarau, har da takalmin ƙarfe na wani gurgu. Sandar Baba ce ta shida. Ranar addu'ar warkarwa Fasto ya ɗora masa hannu a gwiwa, tsohon ya miƙe ya taka har ƙofa ya dawo, coci ta kaure da tafi. Auta, 'yarsa da ke cikin mawaƙa, ta yi kukan murna har muryarta ta dishe.

Sati uku kenan. A cikinsu Baba ya faɗi sau biyu, na biyun a banɗaki, ya fasa gira. Likita ya ce faɗuwa ta gaba ƙugu ne zai karye, kuma a shekarunsa ba lalle ya sake tashi ba. Duk da haka Baba ya hana a sayo wata sandar, sai bin bango yake yi daga kujera zuwa ƙofa.

Yayan Auta makaniki ne, rabonsa da coci tun ranar aurensa. Ya zo da hannu duk baƙin mai, ya zauna ya fara zuba, shi da ba ya gajiya da gardama.

"Auta, ko motar da injinta ya buga, a tura ta a gangare sai ta yi gudu. Ihu da ganguna ne suka tura shi, ba wata mu'ujiza."

"Yaya, shekara huɗu bai taka ba sanda ba. Da idona na gani."

"To yau ina mu'ujizar? Hutu ta tafi?"

"Ku rufa min baki," in ji Baba. "Gaban jama'a na ba da shaida. In na ɗauko ta, na ƙaryata Ubangiji kenan."

Auta ta dubi filastar da ke girarsa. Tsoro ya kama ta, haushin su biyun ya biyo baya. Ta sa takalmi ta fita.

A coci ta samu Fasto yana gyara kujeru. Ta ja benci zuwa bangon da sandar ke rataye.

"'Yata, me mutane za su ce?"

"Fasto, na gaskata abin da na gani ranar nan. Na kuma gaskata jinin da na goge a banɗaki."

Ya ajiye kujerar da ke hannunsa. Sannan ya riƙe mata bencin ta hau.

Da ta shigo gida da sandar, Yaya ya washe baki. "Kin dawo hanya."

"Ban dawo ko'ina ba. Gobe ma zan yi masa addu'a. Kai kuma Litinin ka rufe garejinka ka kai shi asibiti, tunda baki kawai ka iya."

Baba ya kau da kai. Ta durƙusa ta ɗora masa sandar a cinya.

"Baba, Allah bai ce ka karye don ka rufa masa asiri ba."

Bai ture sandar ba.

Ranar Lahadi Auta na tsaye cikin mawaƙa Baba ya shigo. Ga kujeru a baya inda ba mai lura da shi, amma ya bi ta tsakiya, sandar na ƙwanƙwasa siminti, kowa na waigowa, wasu na raɗa. Duk da kunyar da ta kama shi, bai tsaya ba sai da ya kai bencin gaba ya zauna, ya ɗaga kai ya dube ta.

Ita ce mai ba da waƙa ranar. Ta share ido da bayan hannu ta ɗauki waƙar.