Dutsen da Aka Shafa wa Fenti

Da muka gudo daga Mubi a 2014, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama. Ni, Zulaihatu, malamar jogirafi, dutse na jefa a jaka. Har yau yayata tana yi min dariya a kan haka.

Ba kowane dutse ba ne. A wajen Guyuk na tsince shi, jikinsa cike da ɓawon dodon koɗi irin na teku. Idan na gaya wa ɗalibai cewa Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke a da, suka rabu, ƙasa ta tsage ta inda Binuwai ke bi yanzu, ruwan teku ya shigo, sai su kalle ni kamar mai tatsuniya. Amma da zarar na miƙa musu dutsen suka shafa, sai aji ya yi tsit.

Shekara goma ina koyarwa a wata makaranta a unguwar Dubeli a matsayin malamar wucin gadi. Ranar Laraba aka ce masu duba malamai za su zo su ga darasina, daga nan a san ko za a tabbatar da ni a aiki. Na zaɓi darasin rabuwar nahiyoyi.

Shugabanmu, Malam Hayatu, mutum ne da bai taɓa leƙa aji ba, amma in baƙi za su zo, har bishiya sai ta sha fenti. Banɗakin ɗalibai kuwa wari ya hana a bi ta wajen, ko a jikinsa.

Da safiyar Larabar na buɗe kabad ɗin da nake ajiye dutsen a makaranta, babu shi. Na fito na tarar da Bakari maigadi yana wanke buroshi. An jera duwatsu farare tas tun daga ƙofa har ofis.

"Baba Bakari, ka ga dutsena?"

"Na cikin kabad? Principal ya ce layi bai cika ba, a nemo ko'ina. Ga shi can na uku." Ya yi murmushi. "Ya ba ni wahala fa, Malama. Duk jikinsa ƙuraje. Sai da na sa guduma na kankare su kafin fenti ya zauna."

Na tsuguna na ɗaga shi. Sumul, kamar ƙwai. Na mayar da shi inda yake.

Na shiga aji da alli kawai. Na yi bayani, yara suna kallona kamar mai tatsuniya, baƙon da ya zo duba ni kuma yana duba agogo. Da aka tashi ya ce, "Malama, kin iya magana, amma babu kayan koyarwa. Sai wani zagayen."

Ina tsaye ya juya wajen Malam Hayatu, ya nuna hanya da biro.

"Amma duwatsun nan sun yi kyau. Wannan zan rubuta."