Kafin a Wanke Kwamfutar Mai Hoto

Shagon Mai Hoto ɗaki biyu ne a ƙasan wani tsohon bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai gyaran kwamfuta. A ɗakin gaba akwai kanta, da benci, da madubin da masu ɗaukar fasfo ke gyara wuyan riga a gabansa. Ɗakin ciki da can shi ne ɗakin duhu na wankin hoto. Yanzu ba komai a ciki sai tebur da fanka da wata kwamfuta mai nishi kamar wanda ya hau bene da kaya a ka.

A cikin wannan kwamfutar aikinsa na shekara arba'in da ɗaya yake kwance. Shekara shida ya yi yana ɗora tsofaffin nagatif ɗinsa a kan sikana, ɗaya bayan ɗaya, har ya gama. Bai fi wata biyu da gamawa ba bututun ruwan saman bene ya fashe, ya jiƙa kwalayen da aka adana su sharkaf, nagatif suka manne da juna kamar an zuba musu ƙaro. Kwashewa aka yi aka zubar. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo ya ce, “Baba, akwai hoton mahaifina da ka taɓa ɗauka,” wuri ɗaya tak ake dubawa a duniya.

To, kwamfutar ta tsufa, ta fara taurin kai. Sai ka danna hoto ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Maƙwabcinsa mai gyara, wanda duk layin ke kira Injiniya, ya ce magani ɗaya ne, a wanke ta tas, a goge duk abin da ke cikinta, a zuba mata sabon tsari. Ya kawo wani baƙin faifan ajiya mai girman tafin hannu, ya yi kwana biyu yana kwafe hotunan a ciki. Ranar Asabar da safe ya shigo yana murza hannu.

“Baba, duba da idonka. A kwamfuta fayil dubu sittin da biyu da ɗari huɗu da goma sha takwas. A faifai ma haka. Nauyinsu ɗaya. Kamar an tsaga kara. Ka ce bismilla in danna.”

Mai Hoto bai yi boko mai nisa ba, amma ya daɗe yana kallon mutane ta ramin kyamara. Ya san Injiniya ba macuci ba ne. Ya kuma san mutum ne da ke ɗaure takalmi yana tafiya. Don haka tun daren Alhamis ya buga wa jikarsa waya, ita da ke kula da manyan kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya, bai kuwa gaya wa kowa ba.

“Zauna mu sha shayi tukuna,” in ji shi. “Wa ke wanka da yunwa?”

Kofi na biyu suke sha jikar tasa ta shigo da jaka a kafaɗa. Tun tana aji uku take sa gilashi, shi ya sa kakan nata ya laƙaba mata Tabarau, sunan ya bi ta har girma.

“Tsoho mai ran ƙarfe, ashe kana nan? Na ɗauka kai za a wanke.”

“Ja can, makauniya. Ido huɗu gare ki amma hanyar shagona sai an yi miki kwatance.”

Ta gaida Injiniya da ladabi, ta kira shi Yaya, don tun tana ƙarama yake gyara mata rediyo. Ya nuna mata lambobin nan biyu. Ta duba, ta gyaɗa kai.

“Yaya, ka ƙirga buhuna, ka kuma ɗora su a sikeli. Sai dai ba ka kwance bakin ko ɗaya ba.”

“Haba ƙanwata! Buhu dubu sittin? In muka ce sai mun buɗe kowane hoto, sai jikokinki su zo su tarar da mu a nan.”

“Ba mu za mu buɗe ba.”

Ta ja kujera, ta ciro wani ɗan filashi na ajiyar bayanai daga jaka, ta kashe kwamfutar ta sake tayar da ita da shi, don kada tsohon tsarin ya taɓa komai yayin da ake bincike. Allon ya yi baƙi ƙirin, ba hoto ba ado, sai wani ɗan farin layi yana ƙifta ido. Ta yi rubutu layi biyu, sannan ta juyo wajen kakanta.

“Tsoho, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Akwai wani lissafi da ake kira hash. Kwamfuta za ta karanta fayil daga kai har ƙafa, ba ta tsallake ko ɗigo ba, sai ta fitar masa da lamba mai gida sittin da huɗu, haruffa da alƙaluma a cakuɗe. In fayil biyu ɗaya ne, lambarsu ɗaya ce. In akwai bambanci ko na ƙwayar zarra, lambar ba za ta zo daidai ba.”

“Wato dangwalen yatsa.”

“Ashe da sauran ƙwaƙwalwa.”

“Nuna mini. Ni ba na sayen kaya a cikin kwali.”

Ta ɗauki hoton wani mai fasfo, ta yi kwafinsa a filashinta, ta ƙara girmansa har kuncin mutumin ya cika allo, ta canza launin ɗigo ɗaya, ɗan mitsitsi. Ta mayar da shi yadda yake, ta jera biyun gefe da gefe. Mai Hoto ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Bai ga komai ba. Sai ta fitar da lambobinsu. Ta sama ta fara da bakwai, ta ƙasa ta fara da wani harafi, daga nan har ƙarshe kowace ta kama gabanta.

Tsohon ya koma ya zauna a hankali. Shekara ashirin ya yi yana share ƙurajen fuskar amare a kan nagatif da bakin fensir, yana rage wa manyan mutane furfura, ba a taɓa kama shi ba ko sau ɗaya. Ga shi yau an ƙera abin da zai tona masa asiri kafin ya ajiye fensirin.

“Allah ya so ni na tsufa kafin a kawo wannan,” in ji shi.

Aikin ya ɗauki awa huɗu. Lambobi suna ta gangarowa a baƙin allo kamar ruwan indararo. Injiniya ya fita ya dawo sau uku, kowane zuwa sai ya duba agogo. Mai Hoto ya ɗauki fasfo biyu a ɗakin gaba, ya ce wa masu su su dawo Litinin. Duk lokacin da ya leƙo, tana nan inda ya bar ta, hannu a haɓa, ba ta taɓa waya ba. Ya san irin wannan zaman. Haka ake tsayuwa a kan tiren wankin hoto, ba a gaggawa, ba a kuma juya baya.

Wajen ƙarfe biyu ta ce, “Ku zo.”

Ta haɗa jerin lambobin kwamfuta da na faifai, ta sa aka gwada su layi da layi. Dubu sittin da biyu da ɗari huɗu da goma sha uku sun dace. Biyar sun ƙi.

“Biyar kacal?” in ji Injiniya, ya saki ajiyar zuciya. “Ai wannan ba komai ba ne.”

“Sai mun ga su wane ne biyar ɗin,” in ji Mai Hoto.

Huɗun farko ba su ba ta wahala ba. Ta duba ranar da aka taɓa su, ta zare gilashinta ta goge shi.

“Wa ya buɗe sabon faifan nan ranar Laraba, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma?”

Injiniya ya ɗaga hannu biyu. “Wallahi ba ni ba ne. Laraba ina can ina fama da injin buga takardun makaranta.”

Mai Hoto ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

“Tsoho.”

“Ni ban taɓa komai ba. Dubawa kawai na yi. Na tarar da bayin Allah huɗu a kwance ta gefe, na miƙar da su tsaye. Laifi ne?”

“Da ka juya su, kwamfuta ta sake rubuta su.”

“To ai nawa sun fi kyau! Mutum da rawaninsa a bar shi a kwance kamar an buge shi da mota?”

Dariya ta kama ta har sai da ta dafa tebur. “Ba a tambaye ni wanne ya fi kyau ba. An tambaye ni ko ɗaya ne. In an gama, ka miƙar da duk wanda ka ga dama.”

Na biyar ne ya kashe dariyar. Sunansa daidai, nauyinsa daidai, ba wanda ya taɓa shi. Ɗan ƙaramin hotonsa da ake gani a jeri ma lafiya lau. Ta danna shi ya buɗe. Ma'aikatan wata masana'antar sabulu ne, su kusan hamsin, a bakin ƙofar ma'aikatarsu. Layin baya suna tsaye a kan benci, na tsakiya suna tsaye a ƙasa. Daga ƙirjin na tsakiya zuwa ƙasa kuwa babu komai sai toka-toka, sumul, kamar an shafe da siminti.

Mai Hoto ya matso kusa da allon. Ya san hoton. A layin gaba, cikin waɗanda ke zaune, akwai yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya saya masa kyamararsa ta farko. Mutum ne da ya ƙi jinin a ɗauke shi hoto. Ranar ma sai da manaja ya matsa masa. Ba shi da wani hoto a duniya sai wannan.

Injiniya ya dafe kai. “Innalillahi. Ranar farko an ɗauke wuta ana cikin kwafi. Da aka dawo da ita na sake farawa, sai kwamfutar ta tambaye ni yadda za ta yi da waɗanda ta riga ta tarar a faifai. Na ce ta tsallake su.” Ya nuna allon. “Wannan yana kan hanya wutar ta tafi.”

Mai Hoto ya dubi jikarsa. Ya ga mutane da yawa a rayuwarsa sun sami irin wannan damar ta kunyata wanda ya yi kuskure, ya kuma san abin da akasarinsu ke yi da ita. Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

“Yaya, ni ma haka ta taɓa yi mini a ofis, shekarata ta farko. Da ido ba mai kama shi. Zo ka ga layin da ake rubutawa, ba shi da wuya.”

Injiniya ya ciro biro, ya kwafe layin a bayan wata takarda, harafi da harafi.

Sannan ta buɗe na cikin kwamfuta. Ya fito cikakke. Ga yayan Mai Hoto nan na uku daga hagu, ya haɗe rai, ya riƙe hularsa a gwiwa kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Tsohon ya daɗe yana kallo.

Ta sake kwafe biyar ɗin, ta gwada lambobinsu, suka dace.

“Alhamdu lillahi,” in ji Mai Hoto. “Injiniya, wanke.”

“Wa ya ce?” in ji Tabarau. “Na taɓa faifan. Sai an sake bin sa daga farko.”

“Duka dubu sittin ɗin?”

“Duka.”

Injiniya ya dubi takardar da ke hannunsa. Shi da kansa ya je ya ɗora wani shayin.

Rana ta yi sanyi kafin a gama. Wannan karon ta ɗauki jerin kwamfuta gaba ɗayansa ta fitar masa da lamba guda, ta yi wa jerin faifai haka. Ta rubuta kowace a takarda dabam da manyan baƙaƙe, ta miƙa wa kakanta ɗaya, ta miƙa wa Injiniya ɗaya.

“Hotunanka ne, Tsoho. Kai za ka karanta, shi ya bi da yatsa. In kun rabu ko a gida ɗaya, ba a wankewa yau.”

Mai Hoto ya nisanta takardar da fuskarsa, ya gyara murya. Karatun haruffa bai taɓa zama abokinsa ba, amma ya bi su ɗaya-ɗaya kamar mai taka tsani.

“Huɗu.”

“Huɗu.”

“Si.”

“Si.”

“Tara. Tara kuma.”

“Sau biyu, haka ne.”

Mai ɗinkin labule ya leƙo ya ga manya biyu suna karatu kamar 'yan aji ɗaya, ya koma bai tambaya ba. A gida na arba'in da wani abu tsohon ya ɓata layi, Tabarau ta ce a koma farko, ya harare ta, ya koma. Da suka kai na sittin da huɗu, ya ce “Sifili,” Injiniya ya ce “Sifili,” suka ɗago tare.

Ta zare faifan, ta naɗe wayarsa, ta damƙa shi a hannun kakanta. Injiniya ya shirya kwamfutar har allon ya tsaya yana tambaya ko da gaske a goge komai. Ya kai yatsa, sai Mai Hoto ya riƙe masa wuyan hannu.

“Wane maɓalli ne?”

“Wannan babban, Baba.”

Tsohon ya saka faifan a aljihun gaban rigarsa, ya dafe shi da hannun hagu, ya danna da na dama.